Lasin Talabijin a Ingila: Ba Tsoro, Ba Ƙarya

Kowace shekara, da zarar damina ta fara ja da baya, 'yan'uwanmu ɗalibai da ƙananan ma'aikatan gwamnati waɗanda aka ba izinin ƙaro ilmi sukan ɗaure kayansu su nufi jami'o'in Birtaniya. Akan yi musu gargaɗi game da sanyi da tsadar haya da abincin da ba yaji, amma da wuya a sami wanda zai gaya musu cewa kafin su gama sanin hanyar kasuwa, wata wasiƙa za ta faɗo ta ramin ƙofarsu. Sau da yawa ba ta ɗauke da sunan kowa, sai dai ta ce zuwa ga wanda ke zaune a wannan gida, tana kuma maganar bincike da ziyarar jami'ai da tarar fam 1,000. Ga baƙon da bizarsa ita ce dukiyarsa, wannan ya isa ya hana barci. Wasu sukan biya kuɗin da doka ba ta ɗora musu ba don tsoro kawai, wasu kuma su bi shawarar abokai su yi ƙarya, su jefa kansu cikin abin da ya fi ƙarfinsu. Ra'ayin wannan mujalla shi ne duka hanyoyin biyu ɓata ne, kuma maganinsu ɗaya, watau sanin abin da dokar ta ce. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Bari mu fara da asalin abin. Tun cikin shekarun 1920 Turawan Ingila suka zaɓi su riƙe gidan rediyonsu na BBC da kuɗin masu sauraro maimakon kuɗin talla, aka sa wa kowane mai akwatin rediyo sule 10 a shekara. A watan Yuni na 1946 aka fito da lasin talabijin a kan fam 2, a 1968 aka ƙara wani abu a kan mai launi, a 1971 kuma aka soke lasin rediyo ɗungum. Daga 1991 BBC ce da kanta ke da alhakin karɓar kuɗin, tana yin haka da sunan TV Licensing, yawancin aikin kuwa wani kamfani mai suna Capita ke yi mata bisa kwangila tun 2002. A watan Afrilu na 2025 kuɗin lasin mai launi ya kai fam 174.50 a shekara. Wanda ya san yadda guzurin ɗalibi ke ƙarewa tun wata bai yi nisa ba, ya san wannan ba kuɗin wasa ba ne.

To, mene ne laifin? Dokar Sadarwa ta 2003, a sashe na 363, da ƙa'idojin da ke ƙarƙashinta, sun rataya lasin a kan aiki, ba a kan mallakar akwati ba. Ayyukan kuwa iri biyu ne. Na farko, kallo ko ɗaukar shirin talabijin a daidai lokacin da tasha ke watsa shi, kowace tasha ce, kuma da kowace irin na'ura, akwatin talabijin ne ko kwamfuta ko wayar hannu. Na biyu, tun daga 1 ga Satumba 2016, kallon shirye-shiryen BBC ta manhajar iPlayer, ko da tsofaffi ne da aka ajiye. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan ba tare da lasin ba ya karya doka, ko bai taɓa buɗe tashar BBC ba tun da ya sauka ƙasar.

Abin da ya rage bayan waɗannan halal ne, kuma yana da yawa. Mutum yana iya ajiye akwati mai faɗin bango a ɗakinsa ya kalli finafinan Netflix, ko faifan bidiyo, ko finafinan Kano da aka ɗora a YouTube, ko shirin ITV da aka riga aka nuna aka ajiye, ya kuma saurari rediyo dare da rana, ba wanda yake binsa ko anini. Sayen akwatin ma ba ya jawo komai, domin tun 2013 aka soke dokar da ta tilasta wa masu kanti su kai rahoton adireshin duk wanda ya sayi talabijin. Abin da hankali ya nuna ga wanda ya zaɓi wannan hanya shi ne ya cire wayar eriya daga akwatin, ya goge iPlayer daga na'urorinsa, domin dokar ta haɗa har da girka na'ura da nufin kama tashoshi.

Akwai ramuka uku da namu suka fi faɗawa. Na farko, zaton cewa tashoshin gida ba su cikin lissafi. Suna ciki. Ɗalibin da kewar gida ta dame shi a Manchesta, ya buɗe NTA ko Arewa24 ta intanet yana kallon abin da suke watsawa a wannan lokaci, doka tana ganinsa daidai da mai kallon tashar Ingila. Haka kuma mai kallon ƙwallo kai tsaye a wayarsa. Na biyu, zaton cewa lasin da jami'a ta biya wa akwatin zauren ɗalibai ya rufe ɗakunan kwana. Bai rufe ba. A gidan haya kuwa, idan kowa da tasa yarjejeniyar ɗaki, kowa da nasa lasin; idan yarjejeniya ɗaya kuka sa wa hannu gaba ɗaya, yawanci lasin ɗaya ya wadatar da gidan. Na uku, ɗalibai 'yan ƙasa za su gaya muku su suna kallo a kwamfutar tafi-da-gidanka ba su biya. Gaskiya ne, akwai rangwamen da ya ba ɗalibi damar fakewa da lasin gidan iyayensa muddin na'urar tana aiki da batirinta, ba a jona ta da wuta ko eriya ba. Amma wanda gidan iyayensa yake Zariya ko Damagaram ba shi da wannan inuwa. Kada ɗan akuya ya ga kura na wasa da wuta ya ce shi ma zai taɓa.

Sai maganar wasiƙu. Ana aika su ne ga duk adireshin da ba ya cikin rajistar masu lasin, saboda haka zuwansu ba ya nufin an kama kowa da komai, kuma ba sammacin kotu ba ne. Doka ba ta tilasta wa wanda ba ya bukatar lasin ya amsa su ba. Duk da haka, akwai hanyar sanar da TV Licensing cewa gidan ba ya bukatar lasin, kyauta ne, kuma yawanci yakan tsayar da wasiƙun na wani lokaci, ko da yake suna iya turo wani ya tabbatar. Mu dai muna ganin sanarwar ta fi wa baƙo kwanciyar rai, da sharaɗi ɗaya: abin da ya faɗa ya zama gaskiya, ranar da kuma ya canza ra'ayi ya fara kallo kai tsaye, ya sayi lasin kafin ya kunna.

Yanzu ga babbar magana, watau ranar da aka ƙwanƙwasa ƙofa. A nan tarbiyyarmu tana iya zame mana tarko. An rene mu a kan cewa baƙo ba a barinsa tsaye, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, sannan a tambayi abin da ke tafe da shi. An kuma rene mu a kan ganin duk mai riƙe da takarda da katin aiki a matsayin hukuma. To, a sani, wannan mai ziyara ba ɗan sanda ba ne, ma'aikacin kamfani ne. Ba shi da ikon shiga gidan kowa sai da yardar mai gida, ba dole a amsa tambayoyinsa ba, in kuma an bar shi ya shiga, ana iya cewa ya fita a kowane lokaci. Abin da ya dace shi ne a nemi ganin katinsa, domin 'yan damfara ma sukan ari sunan wannan ofis, musamman a saƙonnin intanet. Bayan haka mai gaskiya yana da zaɓi biyu, kowanne halal: ya bar shi ya duba ya ga eriya a cire, ko ya ce masa cikin ladabi ba ya bukatar lasin, ya yi sallama ya rufe ƙofarsa. Zagi da ɗaga murya ba su ƙara wa kowa haƙƙi.

Abu guda ke canza wannan, shi ne takardar izinin bincike daga kotu. Sashe na 366 na dokar ya ba majistare, ko alƙalin da ke matsayinsa a Sikotilan, ikon bayar da ita idan an kawo masa dalilin zargi bisa rantsuwa. Wanda ya zo da ita, yawanci tare da 'yan sanda, a karanta takardar a buɗe masa, domin hana shi aikinsa laifi ne mai zaman kansa. Amma yawancin shari'o'in lasin ba daga nan suke tasowa ba, ba kuma daga motocin gano talabijin da ake ta ba da labarinsu tun 1952 ba. Daga bakin ƙofa suke tasowa. Jami'in yakan yi gargaɗin da doka ta tanada cewa abin da mutum ya faɗa ana iya kai shi gaban kotu, ya yi tambayoyi, ya rubuta amsoshi, ya miƙa takarda a sa hannu. Wannan takarda ita ce shaida. Baki shi ke yanka wuya. Kada wanda Turancin bakin ƙofa ya yi wa sauri ya ce "i" don kunya, kada kuma kowa ya sa hannu a kan abin da bai karanta ya gane ba. Kusan kowace ƙungiyar ɗalibai a can tana da ofishin ba da shawara kyauta. A je a tambaya.

Idan abin ya kai kotu, a Ingila da Wels akan bi wata gajeriyar hanya da dokar 2015 ta kawo, inda majistare ɗaya ke yanke hukunci a kan takardu ba tare da wanda ake ƙara ya bayyana ba. Ana ba mutum kwana 21 ya amsa. Wanda ya jefa takardar a kwandon shara, za a yanke masa a bayan idonsa. Tarar tana iya kaiwa fam 1,000 ban da kuɗin shari'a, kuma ko da yake ba a ɗaure mutum don rashin lasin kansa, ƙin biyan tarar kotu yana iya kai shi kurkuku. Ga baƙo akwai ƙarin nauyi, domin takardun neman biza da na zama ɗan ƙasa suna tambaya ko kotu ta taɓa hukunta mai nema.

Saboda haka muke cewa ba ƙarya. Duk abin da muka zayyana kariya ce ga mai gaskiya, ba dabarar ɓoye laifi ba. Wanda ya san ba zai iya haƙura da ƙwallon ranar Asabar ba, ya sayi lasin. Ana biya wata-wata, ana kuma iya neman a mayar da kuɗin watannin da suka rage idan karatu ya ƙare. Mu Hausawa ma muna da dalilin da ya fi na kowa. Sashen Hausa na BBC yana magana da iyayenmu tun 1957, kuma daga Afrilun 2014 kuɗin lasin nan ya shiga ɗaukar nauyin sashen BBC mai watsa shirye-shirye ga duniya. Watau akwai gumin wata tsohuwa a Landan cikin labaran da ake saurare a gindin bishiya a Katsina da Maraɗi. Wanda ya girma yana shan wannan ruwa kyauta, bai kamata ya je bakin rijiyar ya saci guga ba.

Wannan bai hana mu faɗin aibin tsarin ba. Kuɗi ɗaya ake ɗora wa attajiri da mai share titi. Alƙaluman kotunan ƙasar sun sha nuna cewa kusan kashi 3 cikin 4 na waɗanda ake hukuntawa mata ne, kuma cikin dalilan da ake bayarwa har da cewa su aka fi tararwa a gida, su ke buɗe ƙofa su amsa tambaya. Binciken lauya David Perry a 2015 ya goyi bayan a bar abin a matsayin laifi. Gwamnati ta sake neman ra'ayin jama'a a 2020, ta kuma fasa canzawa a farkon 2021. Jamus ta mayar da nata kuɗin a kan kowane gida tun 2013, Faransa ta soke nata a 2022, yarjejeniyar sarauta da BBC ke aiki a ƙarƙashinta kuwa wa'adinta ƙarshen 2027 ne. A ganinmu, bashin kallo bashi ne, a bi shi yadda ake bin kuɗin ruwa da na wuta, ba a mayar da matalauciya mai laifi a kansa ba.

Daga ƙarshe, kalma ɗaya ga waɗanda za su dawo su zauna a kujerun gwamnati. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sa karɓar kuɗin lasin rediyo da talabijin cikin ayyukan ƙananan hukumomi, saboda haka wata rana wani daga cikinku ne zai rubuta irin wannan wasiƙa, ko ya tura mai rasit ƙofar talaka. Ku tuna yadda gaba ke faɗuwa idan takardar hukuma ta zo da barazana ba bayani. Ku gaya wa mutane abin da doka ta ɗora musu da abin da ba ta ɗora ba, da harshen da suke ji. Ɗan ƙasar da ya san iyakar haƙƙinsa ya fi saurin biyan abin da ke kansa, kuma ba mai iya karɓe masa abin da ba ya kansa. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su da ilmi mai amfani.