Filin kiwon lafiya: awara abinci ce, ba maganin ciwon daji ba

A Ɗan Issa, babu unguwar da ba a soya awara. Waken suya da ake yin ta da shi, yawancinsa daga Najeriya yake shigowa ta hanyar Jibiya. Mata suna jiƙa shi, su niƙa, su tace, su tafasa ruwan, su zuba tsami ya kama. Dusar kuma a ba tumaki da awaki.

Masana sun gano wani sinadari a cikin wannan wake, sunansa isofilabon. Waken suya ya fi waken gida yawansa nesa ba kusa ba.

Mene ne aikinsa? Garma in ta kwana cikin ruwan sama, tsatsa tana cin ta. Haka ƙananan ƙwayoyin jikin mutum suke lalacewa sannu a hankali, kuma wannan lalacewa tana cikin abubuwan da ke buɗe wa ciwon daji ƙofa. A ɗakin bincike, an ga isofilabon yana rage irin wannan tsatsa.

A Sin da Japan, an lura matan da suka saba cin waken suya tun suna yara ba su cika kamuwa da dajin mama kamar sauran ba. A 2009 an bayyana binciken da aka yi a birnin Shangai kan mata 5,042 masu wannan ciwo. Waɗanda suka fi cin waken, ciwon bai faye dawo musu ba, mutuwa ma ta yi ƙaranci a cikinsu.

Amma a lura da kyau: matan nan a hannun likitoci suke, ana yi musu magani. Wake taimako ne kawai. Ba ya narkar da ƙari. Duk mai tallar gari ko ƙwaya a kasuwa da ya ce yana warkar da daji, kuɗi yake nema.

Saboda haka, a ci awara da kunun waken suya, a ba yara, a dafa sosai, kada a ci ɗanye. Macen da ta ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko ta ga jini yana fita daga kan mama, kada ta tsaya jiƙe-jiƙe. Maigida ya kai ta likitar Ɗan Issa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ta Madarunfa ko Maraɗi. Ciwon da aka gano da wuri shi ya fi jin magani.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.