Leda da jarka: darasin kimiyyar da ke zube a kasuwar Diffa

A watan Nuwamba na 2014 Nijar ta kafa dokar hana ƙerawa, shigowa da sayar da leda mai laushi, wato irin robar da ƙwayoyinta ba su cunkushe ba. Yau an haura shekara goma, amma leda na nan rataye a ƙayoyin bakin Komadugu, awaki na haɗiye ta. Ni malamin makaranta ne, kuma a ganina wani ɓangare na laifin yana kanmu masu riƙe da alli. Muna sa yara haddar sunayen sinadarai don cin jarabawa, ba ma nuna musu abin da ke hannunsu kullum.

Ku ɗauki leda da jarkar ɗiban ruwa. Sau da yawa sinadarinsu ɗaya ne, polietilen, wanda aka gano a kamfanin ICI na Ingila a 1933. Shi polima ne, ma'ana doguwar sarƙa ta dubban ƙwayoyin zarra. To me ya sa jarka ke da tauri, leda kuwa laushi? Amsar tana cikin yadda sarƙoƙin suka kwanta. Na jarka miƙaƙƙu ne, suna jeruwa kamar damin kara. Na leda suna da rassa, kamar tulin ƙaya, ba sa jeruwa sosai. Wurin da suka jeru shi ake kira kiristal, irin tsarin ƙwayar gishiri. A leda kusan rabi ne ke jere, a jarka kuwa ya kan kai kashi 70 cikin ɗari.

Ta yaya aka san haka, tunda ido ba ya gani? Da hasken X, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Idan aka harba shi a kan roba, wuraren da suka jeru suna watsa shi ya fito zobe-zobe masu kaifi, wuraren da suka cakuɗe kuwa sai ya fito dishi-dishi. Daga faɗin zoben ake lissafa tazarar ƙwayoyin. Max von Laue ne ya gano wannan a Jamus a 1912. William Bragg da ɗansa Lawrence suka fitar da lissafin, suka samu kyautar Nobel a 1915, ɗan yana da shekara 25. A 1939 Charles Bunn ya bayyana tsarin polietilen da wannan hanya.

Wani zai ce: Malam, tun hare-haren 2015 yaranmu da dama a rumfar zana suke karatu, ina mu ina hasken X? Gaskiya ne ba mu da na'urar. Amma darasin ba ya buƙatarta. A yanko siririn tsinken leda, yaro ya ja shi a hankali. Zai ga ya tsuke, ya kuma ƙara ƙarfi, domin sarƙoƙin sun miƙe sun fuskanci gefe ɗaya. A ɗaga tsohon faifan CD a rana, launuka su bayyana, saboda layukansa masu tazara daidai suna watsa haske. Ka'idar ke nan. Kuɗin darasin bai kai na goro ba.

Amfaninsa kuma a gona yake. Manomin tattasai da ke sayen tiyo da buhuna, da masunci mai raga, duk roba suke saye. Zafin hasken rana yana tsinka sarƙoƙin, yana farawa daga wuraren da ba su jeru ba, shi ya sa buhun da aka bari a fili yake zama gari. Leda ma haka take: ba ta ruɓewa, marmashewa take yi ta shige ƙasar noma. Yaron da ya fahimci wannan zai ce wa babansa a kai tiyo inuwa, zai kuma gane dalilin dokar ba sai an bi shi da bulala ba.

Malamai 'yan uwana, mu shigo da kasuwa cikin aji. Iyaye, idan yaro ya tambayi dalilin abu, kada a ce ya cika surutu. Tun 2014 muna da jami'a a Diffa; masu cika ɗakunan bincikenta gobe su ne waɗannan masu tambayar.