Wasiƙa ga Masu Koya wa Edita Harsunan Kwamfuta

'Yan'uwana a sana'a,

Na rubuto ne in tuna mana da wani mutum da muke yawan mantawa da shi: wanda yake tsakiyar rubuta layin kod, ya buɗe baka bai rufe ba, ya dakata yana tunani. Dominsa muke wannan aiki, amma galibin gwaje-gwajenmu da kammalallen kod muke yin su.

Ban musa cewa an samu sauƙi ba. A da, kowane harshe sai an gina masa tallafi daban a kowane edita. Harsuna 10 da editoci 10, aiki 100 ke nan. Da Microsoft ta fito da Language Server Protocol (LSP) a 2016, da haɗin gwiwar Red Hat da Codenvy, lissafin ya koma 20: harshe ya tanadi saba guda, kowane edita ya riƙa yi mata tambaya. Ga kuma injunan samarwa irin su Xtext da Spoofax da Langium, waɗanda za ka ba su nahawun harshenka, su samar maka da mai feɗe jimla da launin kalmomi da shawarar ƙarasa rubutu. Burin ma ya daɗe, domin tun a 1984 Thomas Reps da Tim Teitelbaum na Jami'ar Cornell suka gabatar da Synthesizer Generator.

Sai dai nahawu lafiyayyar jimla kaɗai ya sani. Kwamfaila tana iya jira a gama rubutu kafin ta yi hukunci, edita kuwa da gurguwar jimla yake wuni. Don haka kada ku sallami abin da injin ya samar sai kun gwada shi da ɓarna. Ku ɗauki fayil mai kyau, ku datse shi a tsakiyar kalma, ku goge waƙafi, ku cire baka ɗaya. In launi ya watse daga nan har ƙasan shafi, ko shawarar ƙarasa suna ta ɗauke, da sauran aiki. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ku yi nazarin Tree-sitter na Max Brunsfeld, wanda ya shiga editan Atom a 2018. In an taɓa harafi guda, ba ya sake feɗe fayil tun daga farko. Reshen da ya canza yake gyarawa. In ya ci karo da kuskure, sai ya killace shi a wuri ɗaya, ya ci gaba da karanta sauran. Mai rubutu yana buga maɓalli sau da yawa a daƙiƙa, amsar da ta makara kuwa ta riga ta tsufa.

Ku kuma kula da ƙidayar haruffa. Asalin ƙa'idar LSP da ma'aunin UTF-16 take nuna matsayi a layi, sai a sigar 3.17 ta 2022 aka ba da damar zaɓen wani ma'auni. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, gurbi ɗaya suke ci a UTF-16, amma bayit biyu a UTF-8. Sabar da ta rikita lissafin nan za ta ja jan layi a gefen kuskure, duk lokacin da Bahaushe ya rubuta “ƙofa” a farkon layinsa. Ku sa irin waɗannan kalmomi a fayilolin gwajinku tun ranar farko.

Abu na ƙarshe, saƙon kuskure. Wanda injin ke fitarwa jerin alamomin da ya yi tsammani ne, kuma ba ya amfanar ɗan koyo. Ku zauna ku rubuta shi da hannu: me ya faru, a ina, me za a yi. Harshen Elm ya yi suna da wannan ladabi, Rust ma ya bi sahu.

Injin samarwa ya ɗauke mana dakon tubali, amma daidaita gini yana wuyanmu. Kafin ku fitar da siga ta gaba, ku zauna kusa da wani yana rubutu da kayanku na tsawon awa ɗaya, ku yi shiru, ku lura da inda ya tsaya cak. Daga nan gyaranku zai fara.

Allah ya yi wa sana'armu albarka.

Naku,
Ɗan'uwanku a sana'a