Ko Hali Zanen Dutse Ne? Amsar Da Ake Bayarwa A Laranto

Kowa ya san maganar kakanninmu cewa hali zanen dutse ne. Idan yaro ya taso da rowa ko zafin rai, sai manya su ce a ƙyale shi, mai hali ba ya fasa halinsa. To, a unguwar Laranto da ke cikin garin Jos akwai wata makaranta wadda aikinta dare da rana jayayya ce da wannan karin magana, watau Babbar Seminarin Waliyyi Agustin, inda ɗarikar Katolika ke horar da samarin da za su zama limaman coci, waɗanda aka fi sani da Fada. An kafa ta a shekarar 1967 domin jihohin Arewa, kuma ta yaye mutanen da ƙasar nan ta san sunansu, kamar Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, wanda aka naɗa Fada a 1976, da Akbishop Ignatius Kaigama, wanda aka naɗa a 1981.

Saurayi yakan yi wajen shekara takwas ko tara yana shiri kafin a ɗora masa hannu. Mai karatu zai ce, wane irin karatu ne haka, sai ka ce likita? Gaskiyar magana ita ce, littattafan ana iya gama su cikin lokacin da bai kai wannan ba. Abin da ke cin shekaru shi ne mutumin kansa. A cikin wata takarda da Paparoma John Paul na Biyu ya fitar a 1992 game da horon limamai, ya kasa aikin gida huɗu: gyaran mutuntaka, da rayuwar ruhu, da ilmi, da kiwon jama'a, sa'an nan ya nuna cewa na farkon shi ne harsashin sauran. Ma'ana, wanda bai iya riƙon amana ba, bai iya haɗiye fushi ba, bai iya zama da abokin ɗaki lafiya ba, to, yawan addu'arsa gini ne a kan rairayi.

Mutumin da makarantar ta ci sunansa shi ne babbar hujjarta. Agustin ɗan Afirka ne, an haife shi a shekarar 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya. Ya taso da kaifin ƙwaƙwalwa da son duniya. Shi da bakinsa ya ba da labari a littafin da ya rubuta na furta zunubansa, cewa yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka kakkaɓe 'ya'yan itacen wani maƙwabci da dare, ba don yunwa ba, suka watsa wa aladu. Ya zauna da mace shekaru da yawa ba aure, har suka haifi ɗa, uwarsa Monika kuwa tana ta kuka da addu'a. Sai a shekarar 387, yana da shekara 32, Bishop Ambros ya yi masa baftisma a birnin Milan na ƙasar Italiya.

Masu wa'azi da yawa a nan suke tsayar da labarin, domin a nan ya fi daɗi. Amma ni abin da ya biyo baya ne ya fi ɗaukar hankalina. Bayan shekara goma da tubansa, yana bishop na garin Hippo, sai ga shi yana bayyana wa duniya cewa har yanzu yana kokawa da kwaɗayin abinci da kuma son a yabe shi. Ya kwatanta mugun sabo da sarƙa, wadda mutum ke ƙera wa kansa zobe bayan zobe, tun yana yi da son ransa har ya wayi gari ba shi da ikon bari. Abin da aka ƙera a hankali kuwa, a hankali ake kwance shi. Da wani malami mai suna Pelagiyus ya koyar cewa ƙoƙarin mutum ya isa ya kai shi ga kamala, Agustin ya tsaya kai da fata cewa sai da alherin Allah, mutum kuma ya miƙa wuya kullum. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, da 'ya'yan itace ya kwatanta halaye irin su haƙuri da kamun kai. Duk wanda ya taɓa dasa mangwaro ya san ba a dasawa yau a sha gobe.

A nan ne nake da ƙorafi a kan wasu majami'u na zamaninmu. An mai da ma'aunin girma cikin ruhu ya zama yawan jama'a, da ƙarar lasifika, da motar da fasto ya shiga. Mutum ya kwana yana addu'a, da safe ya tauye mudu, ba wanda zai ce masa kanzil muddin yana ba da zakkarsa. (Kada 'yan'uwana Musulmi su yi murmushi, wannan ciwo bai san ƙofar coci da ta masallaci ba.) Laranto kuwa wuri ne da ya dace a auna wannan magana, domin a nan Kasuwar Katako take, inda masu hatsi da masu katako, Kirista da Musulmi, ke ciniki da juna. Wanda ya karɓi bashin buhun masara ya ce ran Asabar, a ranar Asabar ɗin ake gane abin da ya koyo ran Lahadi.

Akwai jarrabawar da ta fi ta mudu zafi. Jos ta sha wuya a watan Satumba na 2001, da Nuwamba na 2008, da Janairu na 2010. A rikicin 2008, wanda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ɗaruruwan mutane sun hallaka, Kasuwar Katako kuma tana cikin wuraren da wuta ta ci. A irin waɗannan ranaku babu lokacin buɗe littafi, abin da mutum ya daɗe yana shukawa a zuciyarsa shi ne ke fitowa. Wasu sun ɗauki makami da sunan addini, wasu kuma, daga ɓangarorin biyu, sun ɓoye maƙwabtansu a ƙuryar ɗaki. Akbishop Kaigama, wanda ya riƙe Jos daga shekarar 2000 zuwa 2019, ya ƙulla zumunci a fili da marigayi Sarkin Wase, Alhaji Haruna Abdullahi, suna yawo tare suna kwantar da hankalin jama'a, a lokacin da irin wannan zumunci ke jawo wa mutum baƙin jini a cikin nasa mutanen. Ba na tsammanin a daren rikici ya koyi wannan haƙuri.

Shi Agustin bai taɓa cewa ya gama ba. A shekarar 430, mayaƙan Bandal sun kewaye garin Hippo, shi kuma yana kwance ba lafiya, da shekara 75 a duniya. Abokinsa Posidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce tsohon ya sa aka rubuto masa zaburorin Dawuda na neman gafara, aka manna a bangon da yake fuskanta, ya kuma roƙi a daina shigo masa sai lokacin abinci ko zuwan masu magani. Kwana goma ya yi yana karanta su yana hawaye. Ya rasu ranar 28 ga watan Agusta.