Saka raga a jijiyar zuciya ba cire ƙaya ba ne

Na gaji da jin ana cewa, "Ai ƙaramin aiki ne, an saka wa Alhaji ƙarfe a Indiya, ya warke sarai." Likitocin zuciya da kansu ba sa magana haka. Tun da Andreas Grüntzig ya fara buɗe toshasshiyar jijiyar zuciya da ɗan balan-balan a birnin Zurich a 1977, masu wannan aiki suke lissafa abin da kan biyo baya: zubar jini a inda aka zura bututun, rinin da ake ɗura wa jijiya don ɗaukar hoto ya taɓa ƙoda, musamman ga mai ciwon suga, jijiyar ta tsage, wani lokaci har shanyewar ɓarin jiki. Tsoron zubar jinin nan ne ya sa da yawansu suka koma shiga ta wuyan hannu maimakon cinya.

Za a ce ai aikin yana ceton rai. Gaskiya ne, ga wanda jijiyarsa ta toshe farat ɗaya, kowane minti na da tsada, kuma babu mai hankalin da zai hana shi. Amma ga mai ciwon ƙirjin da ya daɗe yana lallaɓawa, manyan bincike biyu, COURAGE a 2007 da ISCHEMIA a 2020, ba su ga ragar ƙarfen da ake sakawa a jijiyar ta rage mutuwa fiye da shan magani bisa ƙa'ida ba. Sauƙin ciwon ƙirji take kawowa. Majinyata nawa ake faɗa wa wannan kafin dangi su sayar da gona?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne bayan an dawo gida. Ragar baƙuwa ce a jiki, jini na iya daskarewa a kanta. Shi ya sa ake haɗa asfirin da wani magani irin su clopidogrel na tsawon watanni. Mutum ya ji garau, ko kuɗi ya ƙare, ya ajiye magani, ragar ta toshe, sai a yi ta'aziyya a ce kwana ne ya ƙare. Sakacin da ya kai shi ba mai ambato.

Duk likitan da ya karɓi kuɗi bai zauna ya bayyana waɗannan haɗurra ba ya ci amana. Kai kuma majinyaci, kafin ka sa hannu ka tambaya: dole ne yanzu, ko magani zai wadatar? Wa zai ci gaba da duba ni idan na koma gida? Kada ka bar maganin jinin nan sai da izinin likitan zuciya.