IN ZA A SAKE MUDU, A SANAR DA 'YAN KASUWA

Duk wanda ya ji an ce a rediyo gobe za a yi ruwa a Kano, ko hazo zai rufe Sakkwato, ya kamata ya san inda maganar ta samo asali, gama ba duban hadari kaɗai ba ne. A 'yan wurare kaɗan na duniya akwai manyan kwamfutoci da a ke ɗura wa awon zafi da iska da laima, daga tashoshin ƙasa, da jiragen sama da na ruwa, da taurarin ɗan adam. An yanka sararin sama gida-gida kamar gidajen dara, kwamfuta kuwa ta lissafa yadda iskar kowane gida za ta shafi na maƙwabcinsa, sa'a bayan sa'a, har kwana goma ko fiye. Wannan shi mu ke kira tsarin lissafin yanayi. Biyu sun fi suna: GFS na Amurka, wanda a ke gudanarwa sau huɗu kowace rana, da na cibiyar ƙasashen Turai, watau ECMWF, wadda aka kafa a 1975. Masu hasashe na ƙasashe da yawa, har da na hukumar NiMet a nan Nijeriya, su kan duba abin da waɗannan suka fitar kafin su yanke maganar da za su gaya wa jama'a.

Masu waɗannan tsare-tsare ba su daina yi musu gyara, kuma haka ya dace. Abin da mu ke so mu jawo hankali a kansa shi ne yadda a ke shigar da gyaran cikin aiki. Ma'aikacin da ya daɗe yana amfani da tsari ɗaya ya san halinsa kamar yadda mahayi ya san dokinsa. Ya san inda ya kan zuzuta ruwa, da inda ya kan rage zafin dare, sai ya riƙa ragewa ko ƙarawa da kansa. Bayan shi akwai masu lissafin ambaliya, da masu shirya hanyar jiragen sama, da ƙananan tsare-tsare na yanki, duk sun jingina da babban. In aka wayi gari an sake shi ba sanarwa, gyaran da kowannensu ya saba yi ya zama kuskure, alhali bai sani ba. Daidai ya ke da a sake mudu ranar kasuwa ba a gaya wa mai saye ko mai sayarwa ba.

Abin da ya faru a Amurka ya isa misali. A watan Oktoba na 2012 guguwar Sandy ta faɗa wa gaɓar gabashin ƙasar. Tsarin Turai ya nuna za ta juyo tudu tun saura wajen mako guda, na Amurka kuwa ya yi kwanaki yana nuna za ta wuce cikin teku. Abin ya yi wa Amurkawa ciwo, suka zuba kuɗi, a 2016 suka zaɓi sabon ginshiƙin lissafi mai suna FV3, aka shirya fara aiki da shi a watan Maris na 2019. Amma kafin nan sun yi ta gudanar da sabon tare da tsohon, suna bai wa masu hasashe na ko'ina sakamakon su duba. Waɗannan kuwa suka ɗaga murya, suka ce sabon yana zuzuta dusar ƙanƙara, yana kuma nuna sanyin da ya wuce na gaskiya kusa da ƙasa. Hukuma ta saurara, ta dakatar da shirin, aka koma aka yi gyara, ba a ɗora shi kan aiki ba sai 12 ga Yuni na 2019. Wasu sun ɗauki jinkirin abin kunya. Mu a ganinmu shi ne mafi kyawun abin da aka yi cikin aikin duka.

Turawan ECMWF ma haka al'adarsu ta ke: sanar da rana tun da wuri, da sakin sakamakon gwaji ga masu amfani. Ko da suka shigo da tsarin AIFS a Fabrairun 2025, wanda ke koyon halin yanayi daga bayanan shekaru masu yawa da suka wuce, ba su ture tsohon ba, sun bar su suna tafiya tare.

To, mu fa? An gano kuskuren dusar ƙanƙara ne sabo da akwai dubban masu awonta, suna kuma da inda za su kai ƙara. Wa zai gano in sabon gyara ya ɓata lissafin ruwan Gusau ko na Maraɗi? Ruwanmu yawanci daga jerin hadari ya ke zuwa, mai tasowa daga gabas ya nufi yamma, kuma gajimaren da ke haifar da shi ya fi gidan dara na kwamfuta ƙanƙanta, sai dai a ƙiyasta shi. Bincike ya nuna hasashen ruwan gobe a yankin Sahel yana da rauni ƙwarai in aka gwada da na Turai. Ga kuma ƙarancin tashoshin awo. Gyaran da ya kyautata hasashen hunturu a Faransa yana iya jirkita lokacin faɗuwar damina a lissafi, manomi ya yi shuka, ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone, ba wanda ya san daga ina ɓarnar ta fito.

Don haka muna roƙon NiMet, da cibiyar ACMAD ta ƙasashen Afirka da ke Yamai, su keɓe ma'aikata waɗanda aikinsu ke nan: karɓar sakamakon gwaji duk lokacin da aka sanar da gyara, da gwada shi da abin da aka auna a ƙasa, da aika rahoto a rubuce kafin ranar da aka tsayar. In gwajin ya faɗo cikin rani, lalle su nemi a maimaita lissafin damunan baya da sabon tsarin, gama gwajin watan Janairu ba ya faɗin kome game da Agusta.

Rahoton kuwa ba shi da nauyi sai da awo na gaskiya, a nan ne maganar ta iso kan akawuna da malaman makaranta waɗanda aka danƙa wa ma'aunin ruwan sama a harabar ofis ko ta makaranta. A karanta shi kowace safiya a sa'ar da aka ƙayyade, har ranar hutu. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri. Ranar da ba a duba ba a bar gurbin fili, kada a cika shi da ƙiyasi don littafi ya yi kyau a idon mai duba aiki. Ƙarshen wata kuma a aika da takardar ga ofishin da ya kamata, kada ta kwana cikin aljihun tebur har damina ta wuce.