Ladan Mai Hawan Itace

A ƙasar Ingila akwai wata sana'a wadda ake ce wa masu yinta likitocin itace. Aikinsu shi ne hawan manyan itatuwan da ke cikin gari, su datse rassan da suka mutu ko waɗanda suka rufa a kan gidaje. In kuwa itacen ya ƙi gyaruwa, su sauke shi gunduwa-gunduwa, daga ƙoli har gindi, ba tare da ya fasa rufin kowa ba. Kukan da masu gidaje ke yi da su a can kullum ɗaya ne, wai tsada. Sai ka ji mutum ya ce mai fenti ya yini yana masa aiki ya biya kaza, kafinta ma haka, amma mai itace ya zo ya yanka masa kuɗin da ya ninka wannan.

Mun ga ya kamata mu tsoma baki, don kuwa kuskuren lissafin da ke cikin kukan nan kowane akawu yana iya faɗa masa ran da aka ajiye takardun 'yan kwangila biyu a gabansa. Kuskuren shi ne a ɗauka kuɗin yini duk aljihun mai aiki yake shiga.

Bari mu ɗauki misali, don lissafi kawai. A ce an biya fam 600 na aikin yini guda. In kamfanin ya kai girman karɓar harajin ciniki, wanda ya zama kashi 20 cikin ɗari tun 2011, to fam 100 na gwamnati ne, saura 500. Mai fenti shi kaɗai yake zuwa da gwangwaninsa. Mai hawa kuwa ba ya zuwa shi kaɗai, don ƙa'idar aikin ta ce lalle a sami wani a ƙasa wanda ya iya hawa, ya ceto shi in zarto ya sare shi yana rataye a sama, ga kuma mai jan rassa. Mafi ƙanƙancin ladan awa da gwamnati ta yanka a watan Afril na 1925 da ɗari, watau 2025, ga wanda ya kai shekara 21, fam 12 ne da kwabo 21. Mutum biyu, awa takwas takwas, ya tashi wajen fam 195. Saura fam 305, ba a ko taɓa kuɗin fanshonsu da na hutunsu ba.

To, a cikin ragowar nan ne za a ci da mota, da injin da ke niƙe rassa, da zaruttan inji, da mai, da kuɗin zubar da shara, gama ba a yarda a jibge ta a bakin hanya ba. A ciki ne za a sayi hular kwano da wando na musamman mai tsai da zarto. Igiya da ɗamarar da ke riƙe da ran mutum, dokar 1998 ta ce sai gwani ya dudduba su kowane wata shida. Sa'an nan ga inshora. Tun dokar 1969 wajibi ne mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu ita, an kuma yanka kada ta gaza ta fam miliyan 5. Masu inshora kuwa ba wawaye ba ne, sun san bambancin wanda ke tsaye a ɗaki da buroshi da wanda ke lilo a saman itace da zarto mai ci. Abin da ya rage bayan duk wannan, shi ne ladan mutumin da ya hau.

Akwai kuma ranakun da ba wanda ke biya. In an tashi da iska mai ƙarfi ba a hawa, alhali kafinta yana cikin ɗaki yana fiƙe katakonsa. In an tarad da sheƙar tsuntsu da ƙwai a ciki, dokar 1981 ta hana a lalata ta, sai a jira. A unguwannin da aka keɓe don tarihinsu sai an ba majalisar gari sanarwar mako shida kafin a taɓa itace. Mota tana ajiye, amma bashinta bai tsaya ba.

Ba mu ce sauran sana'o'i ba su da nasu nauyi. Mai gyaran gas a can ba shi da ikon taɓa bututu sai yana cikin rajista, rajistar kuwa da kuɗi ake yin ta. Ba mu kuma ce duk mai tsada gwani ne ba, akwai macuta a kowace kasuwa. Amma ga inda gizo ke saƙa: sunan likitan itace ba doka ta tsare shi ba. Kowa ya sayi zarto da tsani yana iya kiran kansa haka, ya karya farashi. Arahar nan kuwa ba daga sama ta faɗo ba. Ya cire mai ceto ne, ya cire inshora, igiyarsa ba wanda ya duba. Ran da reshe ya kuɓuce, mai gida ne zai ga rufinsa a ƙasa, iyalin mai hawa kuma su rasa mai ci da su.

Maganar ta shafe mu. Darbejiyar da aka shuka a bakin titunan Maiduguri da Kano tun zamanin En'e ta tsufa, rassanta sun hau kan kwano da wayar lantarki, kowace damina kuma iska tana karya wasu. Tilas wani ya hau. Muna roƙon akawunan da ke shirya takardar irin wannan aiki, a ofis ko a makaranta, kada su tsaya ga jimla kaɗai. Su sa ɗan kwangila ya rubuta mutum nawa zai kawo, da wace igiya za a hau, wa zai tsare hanya kada yara su bi ta ƙarƙashi, wa kuma zai biya asibiti in mai hawa ya faɗo.